Adon Harshe Ba Baƙonmu Ba Ne: Martani ga Mai Neman a Daina Koyar da Shi

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar a wata mujalla, inda ya nemi a cire darasin adon harshe daga manhajar Hausa ta makarantun sakandare. Sau biyu na karanta ta, sannan na kai ta ɗakin malamai muka yi ta juya ta har aka kaɗa ƙararrawar tashi. Malam ya kafa maganarsa a kan hujjoji uku. Ya ce rarraba magana zuwa kamance da siffantawa da mutuntarwa da sauransu kayan Turawa ne, malaman jami'a suka fassaro suka ɗora wa Hausa. Ya ce sanin waɗannan sunaye yana kashe daɗin waƙa, har ya kama kalmar feɗewa da manazarta ke amfani da ita, ya ce ai ba a feɗe abu sai ya mutu. Ya kuma ce da zarar yaro ya fito daga ɗakin jarrabawa, darasin bai sake yi masa amfanin komai ba.

Shekarata goma sha bakwai ina riƙe da alli a ajin Hausa, don haka na san ciwon da ya sa Malam ya yi kuka, kuma zan zo kansa. Sai dai maganin da ya kawo ya fi ciwon illa.

Bari in fara da batun baƙunta, domin nan ne kuskuren ya fi girma. Tun kafin Bature ya shiga Kano da Sakkwato a 1903, Bahaushe yana da kalmar habaici, yana da zambo, yana da gugar zana da shaguɓe da gatse da baƙar magana da ba'a da zuga da kirari da take da arashi da zaurance da karin magana. Kowace ɗaya da gurbinta, kuma tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar makarantar boko ba tana bambance su sarai. In yaro ya fasa tulu uwarsa ta ce masa madalla, ya kyauta, kowa a gidan ya san gatse ta yi. In kishiya tana share tsakar gida tana faɗa da kazar da ba ta yi mata komai ba, abokiyar zamanta ta san habaici ne, ta kuma san wa ake nufi. In maroƙi ya kama mutum ya fito da aibinsa a bainar jama'a, zambo ke nan. To al'ummar da ta zauna ta raɗa wa dabarun magana sunaye har fiye da goma, ta yaya za a ce wani ne ya zo ya koya mata gane su? Mutum ba ya raɗa wa abu suna sai ya lura da shi, ya ware shi daga waninsa. Wannan lura da warewa shi ne dukan abin da muke yi a aji.

Ga kuma wata jijiya ta biyu da Malam bai ko ambata ba, wato balaga. Duk wanda ya yi nisa a karatun zaure ya san fannonin nan uku, ma'ani da bayani da badi'i, ya san tashbihi da isti'ara da majazi da kinaya. Ibnul Mu'utazzi ya rubuta Kitabul Badi'i a shekara ta 274 bayan Hijira, inda ya tattaro dabarun ƙawata magana ya sa musu suna. Abdulƙahir Aljurjani, wanda ya rasu a 471, ya zurfafa fannin a Asrarul Balaga da Dala'ilul I'ijazi. Shi kansa Shehu Abdurrahman Al'akhdari, mai littafin Ahalari da yaranmu ke fara koyon tsarki da salla da shi, shi ne ya wallafa Jauharul Maknuni, waƙen da aka daɗe ana karantar da balaga da shi a zaurukan ƙasar nan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a littafinsa Ida'un Nusukhi, ya lissafa malamansa da abin da ya karanta a wurin kowanne, kuma balaga tana cikin fannonin da ya ambata. Ya rasu a 1829, shekara saba'in da 'yan kai kafin mulkin mallaka. Malaman da suka riƙa yi wa ɗalibai fashin baƙin Ishiriniya da Maƙamatul Hariri da waƙoƙin Jahiliyya da Hausa suke yi, suna tsayawa a kan baiti su ce nan tashbihi ne, ga abin da aka kamanta, ga abin da aka kamanta shi da shi, ga fuskar kama. Ɗaliban nan su ne suka rubuta mana waƙoƙin wa'azi da madahu da ajami. Saboda haka nazarin adon magana ya yi ƙarnoni yana zaune a kan buzu a ƙasar Hausa kafin ya hau benci.

Ban musa cewa malaman jami'a sun karanta nazarin Turawa sun amfana da shi ba. Sun karanta, kuma ba abin kunya ba ne. Amma a duba abin da suka yi. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo a Kano da Gadon Feɗe Waƙa, da Farfesa Abdullahi Bayero Yahya a Sakkwato da Salo Asirin Waƙa na 2001, da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Jagoran Nazarin Waƙar Baka, daga bakin Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo da Shata, da alƙalamin Aliyu Namangi da Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu suka tsamo abin da suka tsara. Shi ya sa rabon da suka yi ya bi ɗabi'ar Hausa. Sun raba kamance zuwa na daidaito da na fifiko da na kasawa, domin haka Bahaushe ke yi da kamar da tamkar, da ya fi, da bai kai ba. Sun ajiye dabbantarwa da abuntarwa kusa da mutuntarwa, domin makaɗin fada ya fi yawan mayar da mutum giwa ko ɓauna ko dutse ko kogi a kan mayar da dutse mutum. Wanda ya kwafo tsarin wasu ido rufe ba zai lura da wannan ba.

Sai batun kashe daɗi. Na ji daɗin yadda Malam ya yi wasa da kalmar feɗewa, kuma ina roƙonsa ya lura cewa da adon harshe ya yaƙi adon harshe: ya ɗauki waƙa a matsayin dabba mai rai, ya ɗauki manazarci a matsayin mahauci, ya bar mai karatu ya ji tausayin abin da aka yanka. Dabara ce mai kyau, kuma da yawa daga cikin masu karatu za su gamsu ba tare da sun tambayi kansu ko kwatancen ya yi daidai ba. Ni da na san abin da ya yi, sai na tsaya na tambaya. Rago in an feɗe shi ba ya tashi. Waƙar Narambaɗa kuwa, bayan mun gama feɗe ta a aji ranar Talata, ranar Laraba na kunna ta tana nan yadda take, ba abin da ya ragu. Abin da ya sauya shi ne kunnen yaran. Jiya amon kotso kawai suke ji da kalmomin Gobirci da ba su gane ba. Yau sun san me ya sa aka kira sarki da sunan wata dabba, aka kira ɗan sarkin da ke haƙon gadonsa da sunan wata, kuma sun gane cewa wancan ɗan waƙar da suka ɗauka zancen daji ne, sara ne aka kai wa wani mutum da ke zaune a fadar lokacin da ake waƙar.

In ana son kama da ta fi dacewa, a je wurin masu ɗinkin babbar riga. Ni da maɗinki duk muna ganin riga mu ce ta yi kyau. Amma shi ya san wannan aska biyu ce, waccan aska takwas, ga tambari, ga inda allura ta yi tafiya daidai, ga inda mai aikin ya gaji ya yi ha'inci. Wa ya fi jin daɗin rigar tsakanina da shi? Wa kuma za a fi saurin cuta a kasuwa? Ban taɓa jin maɗinkin da ya ce sanin sunan aska takwas ya sa ya daina sha'awar riga ba.

Akwai wani misali ƙarami da nake fara darasi da shi kowace shekara. Ina rubuta jimla uku a allo: Audu kamar zaki yake, Audu zaki ne, zaki ya iso. A ta farko akwai tsani tsakanin Audu da zaki, wato kalmar kamar, kuma mai magana ya bar wa kansa hanyar janyewa. A ta biyu an ɗauke tsanin, an haɗe su. A ta uku Audu ya ɓace gaba ɗaya, sai wanda ya san zancen ne zai san da shi ake. Sai in tambayi yara: wacce maroƙi zai faɗa in Audu ya shigo taron biki? Duk su ce ta uku. Wacce za ka faɗa in alƙali ya tambaye ka halin Audu? Sai su yi dariya su ce ko ɗaya. Daga nan yaro ya fahimci cewa kowace siga da muhallinta da nauyinta, kuma mai magana zaɓa yake yi. Sunayen kamance da siffantawa suna zuwa daga baya, a matsayin marfin da za a rufe abin da aka riga aka zuba a tukunya.

Yanzu ga inda na yarda da Malam, kuma yarda ta gaskiya. Yadda ake koyar da darasin a makarantu da yawa abin takaici ne. Malami ya shigo ya cika allo da ma'anoni, yara su kwafa, su haddace, a tambaye su a jarrabawa su amayar. Na taɓa karɓar wani aji a wata makaranta da na koyar, na sami yaro da ke kawo ma'anar mutuntarwa ba tuntuɓe, kalma bayan kalma. Na ce ya ba ni misali ɗaya daga maganar da ya ji a gidansu da safiyar ranar, ya yi shiru. Na tambaye shi me mahaifiyarsa ke cewa in tuwo ya ƙi yin daidai, ko in wuta ta ƙi kamawa. Ya ce cewa take wutar nan ta ƙi ta yau. Na ce to wuta tana da zuciyar da za ta ƙi mutum? Sai ya buɗe baki yana kallona. Shekara biyu yana ɗauke da sunan abu a ka, abin kuma yana cikin ɗakin girkin gidansu, ba wanda ya haɗa masa su. Haka kuma gaskiya ne cewa sunayen ba su daidaita ba: wannan littafi ya ce jinsarwa, wancan ya ce jinsintarwa, wani ya ce alamci, wani alamtarwa, yaro ya rasa na kamawa. An yi ƙoƙarin daidaita keɓaɓɓun kalmomin nazari a ƙamusun da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, amma aikin yana bukatar a sake zama a kansa. Duk wannan laifin masu koyarwa ne da masu rubuta littattafan makaranta. In rijiya ta yi datti yashe ta ake yi, ba a cike ta da ƙasa a bar unguwa da ƙishi.

Abin da nake yi, kuma na san malamai da dama suna yin irinsa, shi ne in tura yara farauta. Mako guda kowa ya riƙe ɗan littafi, ya rubuto duk maganar da ya ji wadda in aka ɗauke ta a zahirinta ba za ta yiwu ba. Abin da suke dawowa da shi yana ba su mamaki su kansu. Bakin kogi, gindin bishiya, wuyan riga, idon sawu, goshin magariba, cikin gari, kan dutse: ashe Bahaushe da gaɓoɓin jikinsa ya auna duniya gaba ɗaya. Farin jini, baƙin ciki, jan hali, taurin kai, sanyin jiki, zafin nama, mutuwar zuciya. Wance ta sauka, wance tana da juna biyu, wane ya riga mu gidan gaskiya, wane ya zagaya, duk sakayawa ce ta kunya da ladabi. Wata yarinya ta kawo kacici-kacicin kakarta na shanu dubu masu maɗauri ɗaya, ta ce ita dai ta san amsar tsintsiya ce, amma sai yanzu ta ga cewa siffantawa ce aka ɓoye rabinta aka ce a nemo. Na ce mata ai dandalin tatsuniya shi ne ajin farko na wannan darasi, kakarki ce malamarki ta farko, ni na biyu ne. Ko sunan littafin Abubakar Imam da suke karantawa, Magana Jari Ce, siffantawa ce, kuma akun da ke ba da labaran har ya zama waziri mutuntarwa ce tun daga farkon littafi har ƙarshensa.

Hujjar Malam ta uku ita ta fi damuna, wato cewa darasin ba ya amfani bayan jarrabawa. Ina ganin akasin haka ne, kuma zan fara da abin da ya fi komai nauyi a wurinmu. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa lokacin da ayar azumi ta yi maganar bayyanar farin zare daga baƙin zare, Sahabi Adiyyu ɗan Hatimu, Allah Ya yarda da shi, ya ɗauki zare biyu na gaske, fari da baƙi, ya sa a ƙarƙashin matashinsa yana dubawa cikin dare. Da ya ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari, sai ya bayyana masa cewa hasken alfijir da duhun dare ake nufi. Balarabe ne, ɗan gidan fasaha, amma ya ɗauki adon magana a zahirinsa. Haka nan ya zo a Muslim cewa Annabi ya shaida wa matansa wadda ta fi su tsawon hannu ita za ta fara riskarsa. Suka riƙa gwada hannuwansu. Sai da Nana Zainab 'yar Jahshi ta riga su rasuwa suka gane yawan sadaka ake nufi, domin tana sana'a da hannunta tana bayarwa. A lura da wani abu a nan: in ka ce wa Bahaushe wane yana da dogon hannu, ɓarawo ka kira shi. Hoto ɗaya ne, ma'ana ta juya. Ɗalibin da zai yi tafsiri ko fassara gobe, in bai san wannan tarko ba, zai iya mayar da yabo zagi a gaban jama'a.

A sauko kuma kan zaman yau da kullum. Yaran da ke gabana a aji, nan da shekara biyu ko uku za su yi zaɓe. Za su ji ɗan takara ya ce zai share musu hawaye, zai kawo musu romon dimokuraɗiyya. Yaron da aka koya wa tsayawa a kan hoto zai tambaya: romo dai ruwan nama ne, to naman fa, wa zai ci? Kuma share hawaye, rijiya ce ko asibiti ko taki, guda nawa, yaushe? Za su shiga ofis a ce musu a kawo na goro, ko a yi alheri, ko a ga yara. Sakayawar da muka yaba a bakin mai kunya ita ce nan aka sa wa cin hanci don ya shiga ba sallama. Za su ji waƙoƙin siyasa da ake kiran abokan hamayya da sunayen dabbobi da ƙwari. A fadar da, zambo yana da iyaka da wurin yinsa, kuma kowa ya san wasan. A wayar hannu kuwa, waƙa ɗaya tana zaga jihohi cikin dare guda, ta faɗa kunnen matashin da bai san kambamawa ce ba, ya ɗauka da gaske waɗancan mutane ba mutane ba ne. Mun ga abin da zafin siyasa ke jawowa a garuruwanmu. Yaron da zai iya cewa wannan dabbantarwa ce, an yi ta ne don in daina ganin maƙwabcina a matsayin ɗan Adam, ya sami garkuwar da takardar jarrabawa ba ta auna ta.

Har a cikin gida abin yake. Aure nawa ne ya girgiza saboda an yi gatse an ɗauka da gaske, ko an yi magana da zuciya ɗaya an ɗauka habaici ce? Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kuma da yawan rigimar da ake kai wa iyaye da masu unguwa daga fassarar magana take tashi. Yaranmu na birni da suka tashi da rabin Hausa rabin Turanci su suka fi shiga wannan matsala, domin dandalin da zai koya musu babu shi yanzu, kakannin suna ƙauye, dare kuma na waya ne. Aji ya zama kusan wuri ɗaya da ya rage da wani babba zai zauna da su ya ce ga abin da wannan magana ke nufi, ga dalilin da aka faɗe ta a haka. Wannan wurin ne Malam yake neman a rufe.

Ina roƙon Malam ya sake duba matsayinsa, ya juya alƙalaminsa inda ya dace. Ya taya mu kira ga sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi su zauna su tsayar da suna ɗaya ga kowace dabara, su kuma shigar da habaici da gatse da shaguɓe da baƙar magana cikin darasin da matsayinsu, kada a bar su a gefe kamar 'yan rakiya. Ya taya mu kira ga masu tsara jarrabawa su riƙa ba yaro magana ko ɗan waƙa su tambaye shi me aka yi a nan kuma don me, maimakon su ce ya kawo ma'ana. Malaman Hausa 'yan'uwana kuwa, a zangon karatu mai zuwa kowa ya gwada tura yaransa farautar mako guda kafin ya rubuta ma'ana ko ɗaya a allo. Shi kuma Malam, ƙofar ajina a buɗe take, ina gayyatarsa ya zo ranar da yaran za su karanto abin da suka samo.